Maganinki Ba Na Jefi-Jefi Ba Ne, Uwani

Unguwar Madaki,
Gombe.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, Ya tsare ki a garin da ba ki da kowa sai Shi. Ya gajiyar jirgi, ya baƙunta, ya makaranta? Goggonki Hajara tana gaishe ki, amma gaisuwar tata da faɗa a ciki, yanzu za ki ji dalili.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya, na san layukan sun karkace. Ban je wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, don abin da zan faɗa ba na kunnen wani ba ne. Tun hantsi nake zaure da biro a hannu. An gama yi wa motata lodin auduga tun jiya, sau biyu ana aiko mini daga tasha, na ce su jira. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Ba zan iya riƙe sitiyari ba sai na sauke abin da ke ƙirjina.

Kwana uku bayan mun sa ki a jirgin ƙasa na Maiduguri, Goggonki ta shiga ɗakinki za ta shanya shimfiɗa. Da ta ɗaga matashin kanki sai ta ji wani abu yana motsi a ciki. Ta farke bakinsa, sai ga ƙwayoyin maganinki na tarin fuka suna zubowa a tabarma, sun kusa cika tafin hannu biyu. Ta tattara a faifai ta kawo ta ajiye a gabana.

Nan take na tuna tsayuwarmu a tashar jirgi. Na ce miki, "Uwani, kina dai shan maganin ko?" Kika sunkuyar da kai kika ce, "Ina sha, Baba, jefi-jefi, tunda na ji sauƙi." Jirgi na busa, mutane na turereniya, ni kuma na ce to madalla. Madalla fa na ce! Likita ya ce shekara ɗaya da rabi za ki yi kina sha kullum ba fashi, ko rabin hanya ba ki kai ba, ubanki na tsaye yana miki madalla. Tun da na ga faifan nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Kalmar nan da kika faɗa, ba wanda ya san ta a Gombe kamar ni. Kafin furfura ta saya mini mutunci, Sale Jefi-jefi ake kirana a tasha, kuma ina amsawa har da dariya. Kalma ce mai sanyin hali, ba ta zagin kowa. In damina ta ƙi zama, mukan ce ruwa na sauka jefi-jefi. In kika bi ta bayan Manawashi za ki ga gidaje jefi-jefi, nan ɗaya can ɗaya, da gonar dawa a tsakani. Wutar lantarkin da aka ja mana bara jefi-jefi take zuwa, gashin Goggonki ma ya fara fari jefi-jefi, ko da yake in kika gaya mata ni na ce, zan musa. Duk waɗannan ba komai, ruwa na Allah ne, gashi kuma na Goggo ne.

Inda take cuta shi ne in mutum ya ɗauko ta ya ɗora a kan abin da aka ce ya yi kullum. In aka ce ɗakinki barkatai yake, za ki ji kunya ki gyara. In aka ce kin daina abu, kin san kin daina, wata rana zuciyarki za ta tuhume ki. Amma mai yin abu jefi-jefi gani yake yana yi. In an tambaye shi ya ce ai ina yi, kuma bai yi ƙarya ba, sai mai tambayar ya yi shiru, shi ma ya samu barci. Da wannan kalmar na lallashi kaina shekara da shekaru, bari in gaya miki abin da ta saya mini.

Na fara da wannan rubutun da ke gabanki. Muna samari aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin wata darbejiya kusa da kasuwa, bayan la'asar ake zama. Na rubuta sunana da zumuɗi, har allo na saya. Sai ya zamana in je yau, gobe in tsaya kallon dambe, jibi in ce rana ta yi zafi. Duk ranar da na koma sai in tarar an wuce ni da baƙi uku ko huɗu, in zauna ina gyaɗa kai kamar na gane. Malamin ya taɓa ce mini, "Sale, kai ba ɗalibi ba ne, baƙo ne, kullum sai an yi maka sannu da zuwa." Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Waɗanda muka fara tare suka gama cikin damina biyu, wasunsu yau suna zaune a ofis da fanka a kansu. Ni sai da na shekara goma ina tsintar baƙi a jikin motoci da buhuna kafin na iya haɗa layi. To ke Allah Ya kai ki inda za a mai da ke malama. Kada ki zama baƙuwa a ajinki. Ranar da ba kya jin karatu, ki je ki zauna ko da rabin kunne ne, ya fi a ba ki labari.

Na biyu, mota. Wanda ya koya mini tuƙi doka ɗaya ya kafa mini: kowace safiya, kafin ka tada inji, ka zaro sandar baƙin mai ka duba, ka leƙa ruwan lagireto. Da na samu mota a hannuna sai na ga ai tana tashi bugu ɗaya, ƙararta garau, me zan wahalar da kaina? Na koma dubawa in na tuna. Wata rana na ɗauko tumatirin mutane daga Dadin Kowa, ko rabin hanya ban yi ba inji ya buga, mota ta tsaya cak a tsakiyar daji da tsakar rana. Kwana biyu muka yi a wurin. Tumatir ya narke yana ɗiga ta ƙasan bodi, masu kaya na zagina da Fulatanci da Hausa, wanda ban ji ba ma na gane. Da bakanike ya zo ya buɗe, ya dube ni ya ce, "Direba, ba yau injin nan ya mutu ba. Ya fi mako biyu yana cin kansa, yau dai ya gaya maka ne." Na ce ai ban ji wata ƙara ba. Ya ce da ma ba a ji.

Uwani, ki karanta maganar bakaniken nan sau biyu. Kin daina tari, kin yi ƙiba, kumatunki sun dawo, na gode wa Allah. Amma jin sauƙi daban, warkewa daban. Ciwon nan kwanciya yake yi ya yi lamo, ba ya aiko da sanarwa. In kika tsaya jiran sai kin ji wani abu a ƙirjinki kafin ki koma wa magani, to kin makara.

An sake aikowa daga tasha. Na ce a gaya musu in sun gaji su sauke kayan su ba wani.

Na uku ba shi da tsawo amma yana da nauyi. Kakarki, wadda kika ci sunanta, tana can ƙauyenmu a ƙasar Katsina har ta rasu. Sau nawa nake bi da mota ta bakin mararrabar garinmu, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba? Sai in ce kaya na sauri, a dawowa na tsaya. A dawowa in ce na gaji, wani zuwan. Ina zuwa kam, ba a ce ba na zuwa ba, amma irin zuwan da in na yi sallama sai ta ce, "Wane ne? Muryar kamar ta Sale." Ba makancewa ta yi ba, gori take mini, ni kuma in yi dariya in miƙa tsaraba. Ranar da na tsaya don kaina, ba don an aiko ba, na tarar an yi sadakar bakwai. Saboda haka ki riƙa rubuto wa Goggonki takarda duk mako, ko layi biyu ne. Ita ta goya ki, ita ta yi jinyarki, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana kewarki ba.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni tafiya. Na ajiye biron nan na ɗauka ya fi a ƙirga. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai.

An gaya miki mahaifiyarki zazzaɓi ta yi kina shekara huɗu, kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan na Allah ne. Amma ba zazzaɓi ba ne. Irin ciwonki ne, tarin fuka. Ni na hana a gaya miki, Goggonki ta rufa mini asiri don ni ƙaninta ne.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gombe ta fara tari. Na kai ta asibiti, aka gwada, aka ce allura za a riƙa yi mata kowace safiya har wata uku, bayan nan a ci gaba da ƙwaya. Mai yin allurar wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kaltungo, Sista Rahila, wadda kin sani, ita ce take ba ki magani yanzu. A lokacin budurwa ce, amma bakinta yadda kika san shi haka yake tun can. Ta ba mu kati mai gida-gida, kowace rana da gidanta, in an yi allura ta sa alama.

Daga gidanmu zuwa asibiti ba nisa, mai ciwo ma zai taka. Amma ni a lokacin ina ji da kaina. Baƙi ne mu a garin, ina so a ce gidan Sale gidan mutunci ne, matarsa ba ta fita. Kuma na sha jin yadda ake hira da matan direbobi a tasha in mazansu na hanya, na rantse ba za a yi da tawa ba. Sai na kafa mata doka: ba za ta taka ƙofar gida ba sai da ni. In ina gari in kai ta da kaina, in ba na nan ta jira.

Ga shi kuwa kakar auduga ce, mota ba ta kwana biyu a gari. In na tafi Jos kwana uku, Kano kwana biyar, in an samu lodin dawowa a ƙara. Sai allurar kullum ta koma ta ranar da Sale ke gida. Wata safiya ina ɗaura agogo zan fita, mahaifiyarki ta ce, "Maigida, in ba ka nan, ko in riƙa bin matar maƙwabcinmu? Ba zan tsaya ko'ina ba, daga asibiti sai gida." A hankali ta faɗa, tana kallon ƙasa, irin sunkuyar da kan da kika yi mini a tashar jirgi. Na ce, "Ki jira ni." Ba ta ƙara tada maganar ba har ta bar duniya.

Sista Rahila ba ta ƙyale ni ba. Ranar da muka koma bayan fashin kwana shida, ta duba katin ta dube ni, a gaban mutane ta ce, "Direba, mene ne wannan? Ina kuka shiga?" Na ce ai muna zuwa jefi-jefi, aiki ne ya yi yawa. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Allura ba ruwan sama ba ce da za ta sauka jefi-jefi. Ka ji ni da kyau. In kana yi kana bari, ciwon zai saba da maganin, ranar da za ka zo da gudu allurar ba za ta yi masa komai ba. In ba ka so ta fita, ni zan zo gidanku kowace safiya kafin in shiga aiki, ba sai ka ba ni komai ba."

Kin ji abin da baiwar Allah ta ce. Kin san amsar da ubanki ya ba ta? Na ce a'a, mun gode. Na hango farar rigarta tana shiga gidana kullum, na hango 'yan unguwa suna tambayar me ake yi a gidan Sale, a gane tarin fuka ne, a daina cin abincinmu, a daina shan ruwa a randarmu. Na zaɓi a ce gidana lafiya lau. Kuma a wannan lokacin mahaifiyarki ta fara jin sauƙi, tana daka, tana goya ki, sai na ce ka gani, da ma Sista ce ke da tsanani.

Da damina ta kama, tarin ya dawo da jini. Na ajiye mota, na kai ta kullum, ba fashi ko na rana ɗaya, har goyonta na yi a bayana daga bakin titi zuwa ɗakin allura, ni da nake kunyar a ga mayafinta a waje. Aka yi allurar, aka canza wata, ba abin da ya motsa. Yadda Sista ta faɗa haka ya zama. Bayan an yi sadakar arba'in matar maƙwabcin nan ta gaya wa Goggonki cewa duk safiyar da ake sa ran dawowata, mahaifiyarki takan yi wanka ta yafa mayafi ta zauna a bakin zaure daga ciki, da katin a hannu, tana sauraron ƙarar mota. In rana ta take ba ta ji ba, ta tashi ta ninke mayafin.

Shekara goma sha uku ke nan, kuma kullum na shiga zauren nan sai na ga wurin. Na ji kunya, ina jin kunya, kuma na tsani mutumin da na zama a shekarar nan.

Na san abin da ya sa kika cusa ƙwayoyin a matashi. Suna da girma, suna tada miki zuciya, na sha ganin yadda kike runtse ido. Kuma na san abin da kike tunani yanzu a ɗakin kwanan ɗalibai: kada 'yan mata su ga kina haɗiyar magani kullum su tambaya, su janye kofinsu daga naki. Ba zan yi miki faɗa a kan wannan ba, don kunyar nan a wurina kika gaje ta. Amma na riga na biya wa kunyar nan abin da ya fi ƙarfina, ba zan ƙara mata da ke ba.

Jiya na je na sami Sista Rahila da faifan. Ban taɓa tada mata maganar da ba, ita ma ba ta taɓa tada mini ba, sai jiya. Ta dubi ƙwayoyin ta ce, "Baban Uwani, sau biyu a gida ɗaya? A'a. Ban yarda ba." Ga abin da ta ce in gaya miki, kuma na sa ta maimaita har na riƙe. Ranar da takardar nan ta same ki, ki ɗauki katinki ki je babban asibitin garin, ki faɗa musu gaskiyar kwanakin da kika tsallake, kada ki rage ko ɗaya don a ce ke yarinyar kirki ce. Kada ki haɗa na jiya da na yau ki sha don ramuwa. Abin da suka ce ki yi, shi za ki yi. Ta rubuta musu 'yar takarda da Turanci, tana cikin ƙunshin da Malam Buba direba zai kawo miki tare da wannan.

Nawa kuma ga shi. Ki ɗaura maganin a jikin sallar asuba, kina sallamewa ki haɗiya kafin ki tashi daga kan abin salla. Ki sami malamar da ke kula da ɗakin kwananku ki gaya mata ciwonki da bakinki, ki roƙe ta ta riƙa tambayarki. Wadda ta guje ki don wannan, ki bar ta ta tafi, ba a rasa abokan zama. In aka ce ba a fita makaranta sai da izini kuma ranar asibiti ta zo, ki nema, in an ja miki rai ki tsaya a ƙofar ofis har a gaji da ganinki. Wata rana za ki yi aure. Duk wanda zai aure ki sai ya zauna a zauren nan ya ji labarin da kika ji yau daga bakina, kuma na ba ki izini tun yanzu, izinin da ba mai karɓe shi: a kan lafiyarki kada ki jira kowa, ko ni ne.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wani tsohon kati ya yi ja don daɗewa. Na mahaifiyarki ne. A cikin lasin tuƙina yake zaune tun ranar da aka binne ta, ba wanda ya ƙara ganinsa, har Goggonki. Ki buɗe ki duba alamomin Sista, nan biyu, can ɗaya, can uku. Duk gidan da kika ga ba alama, ina kan hanya ne, ita kuma tana bakin zaure. Ki ajiye shi kusa da naki katin.

In kin gama karantawa kika ji ba kya son ganina, ba zan ce kin yi laifi ba. In kin zo hutu ki wuce ni a zaure ba gaisuwa, zan ɗauka. Ki yi shekara goma kina fushi da ni, Uwani, ni dai ki yi su da ranki.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya tsare ki fita da shiga, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya buɗa miki karatu. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ta yafe mini. Allah Ya dawo mana da ke gida da ƙafafunki. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Sale Direba.